Kukan inbata, ihu bayan hari

Daren 11 ga Fabrairun 2024, ranar da Najeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka, ban taɓa tara mutane a ƙofar shagona irin na ranar ba. Benci huɗu na aro daga Islamiyya, tabarma biyu daga cikin gida, yara kuma sun ɗare katangar makwabcina kamar tsuntsaye. Aka tafi hutun rabin lokaci muna da ci ɗaya, kowa bakinsa har kunne. Aka dawo suka farke. Ba a jima da farkewar ba inbata, na'urar da ke juya wutar batirin sola ta koma irin ta gida, ta fara kukan nan nata, tit, tit, tit. Na tashi na kashe ƙwai biyu, na zare wayoyin da ke caji, na dawo na zauna kamar ba ni ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta sake farawa, sannan talabijin ya ɗauke ɗif. Ci na biyu a rediyon mai shayi muka ji shi. Har yau akwai wani yaro a layinmu da in ya hango ni sai ya ce, "Kawu, tit-tit," ya ruga.

Sana'ata cajin waya ce, a wani ƙauye tsakanin Taura da Ringim inda turakun lantarki ba su iso ba. Shekaru da ƙaramin janareta nake yi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 sai lissafi ya ƙi fita, abin da na samu da rana shi nake miƙa wa mai bumburutu da yamma. Na daure har kaka, na sayar da riɗina a Gujungu ranar wata Lahadi, na haɗa da kuɗin tunkiyar uwargida da ta ba ni rance, na shiga Kano. Na dawo da farantin sola biyu, kowanne wat 150, da kwantirola ƙarama mai daidaita cajin batir, da inbata, da batir ɗaya mai ruwa, bolt 12, am 200. Mai shagon ya ce mini zai yi shekara huɗu ko biyar. Wata bakwai ya yi.

Na daɗe ina tsine wa mai shagon a zuciyata, Allah ya yafe mini.

Yadda nake aiki da shi a lokacin ba wani ɓoyayyen abu ba ne, haka kusan kowa ke yi a nan. Rana ta fito, wayoyi su cika tebur, sittin ko fiye. Rana ta faɗi, a kunna talabijin da dikoda da lasifika, ga ƙwai uku, ga wayoyin waɗanda sai sun dawo daga gona ko kiwo suke kawowa. Ana nan har inbata ta yi kuka. A wajena kukan nan shi ne agogon tashi, kamar yadda ƙararrawa ke tashin 'yan makaranta. In ta yi kuka ƙarfe ɗaya na dare in ce batir ya yi ƙoƙari yau, in ta yi sha ɗaya in ce hazo ne. Wani lokaci ma in ta kashe kanta sai in jira minti goma in sake kunnawa, domin na lura in an ɗan bar shi yakan farfaɗo ya ba da wata rabin awa. Ina ganin wayo nake yi.

Da azumi ya kama a watan Maris, zafi ya buɗe, sai na ƙaro abu biyu: fanka, da wata tsohuwar firiza da na karɓo a hannun surukina don in riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo lokacin buɗa-baki. A makonnin nan ne na ga wani abu da ya faranta mini rai, alhali kuka ya kamata in yi. Da can kwantirola ba ta nuna batir ya cika sai wajen la'asar, in ma ta nuna. Yanzu kuwa kafin ƙarfe sha ɗaya na safe ta cika sandunanta huɗu. Na ce wa uwargida ranar bazara ce mai ƙarfi. Amma da dare, kafin a idar da asham, tit-tit. Fanka tana juyawa kamar mai jin barci, kuma duk sanda injin firiza zai tashi sai hasken ƙwai ya dusashe, talabijin ya mutu ya dawo. Saurin cika da saurin ƙarewa tare suke tafiya. Rijiyar da yashi ya cike rabinta ai ba ta daɗewa ba ta kawo ruwa baki, guga goma kuma ta ƙafe.

Bayan ƙaramar salla na ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, mu biyu muka ɗaga shi da ƙyar, na kai shi Ringim wurin wani dattijo da ya tsufa a gyaran batiran manyan motoci. Baba muke ce masa. Hannayensa duk zanen ƙuna, rigarsa ta aiki kuwa ramuka sun fi yadi yawa, aikin ruwan batir. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora mita, ta nuna 12.5. Raina ya yi sanyi na ce, "Baba, ashe lafiyarsa ƙalau." Bai ko ɗago ba. Ya jawo wani akwatin ƙarfe mai baki biyu irin na kada, cikinsa waya mai yin ja kamar ta rishon lantarki, ya maƙala, ya danna. Ina kallo allurar ta zame daga 12 ta wuce 11, ta wuce 10, tana ci gaba da sauka, kafin in ƙirga goma. Ya saki.

"Bar shi ya kwana," in ji shi. "Gobe ka zo."

Washegari na tarar ya yi masa caji yini da kwana. Ya buɗe murafun shida, ya ɗauko wani gilashi mai kan roba kamar babban sirinji, da ɗan kwalba mai lambobi yana yawo a ciki, haidiromita ke nan. Ya zuƙo ruwan gida na farko ya ɗaga sama ya ce in karanta. 1.170. Na biyu haka, na uku haka, har shida. Ya ce batir irin nawa in ya ƙoshi ruwansa yakan kai wajen 1.250, na mota ma ya ɗara haka, 1.265 zuwa 1.280. Nawa an ɗura masa wuta yini da kwana amma ruwan ya ƙi yin nauyi.

"Yaro, da me kake sanin lokacin kashe kaya?"

Na ce, "In inbata ta yi kuka, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ihu bayan hari. Ita inbata ba don batir take kuka ba, don kanta take yi. Sanda za ta buɗe baki an riga an kwashe garin."

Abin da ya bayyana mini a ƙarƙashin rumfarsa, da abin da na ƙara karantawa a waya daga baya, ga shi yadda na fahimce shi. Batir na bolt 12 gida shida ne a jere, kowane gida yana ba da bolt 2.1 in ya cika. A kowane gida akwai faranta na dalma a tsome cikin asid ɗin salfa da aka sirka da ruwa. In kana jan wuta, asid ɗin yana barin ruwan yana komawa jikin farantan, ya zama wani farin gishiri. Shi ya sa ruwan ke rage nauyi, shi kuma gilashin Baba nauyin yake aunawa. In ka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa. Haka abin yake kai da kawo kullum, kuma ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Matsalar tana farawa ne in gishirin ya kwana ya wuni a jikin faranti ba a mayar da shi duka ba. Baba ya ce in tuna da shebur ɗin magina. In aka gama kwaɓa siminti aka wanke shi nan take, ruwa kaɗan ya isa. In aka jingine shi da siminti a jiki har kwana uku, sai dai guduma. Duk inda gishirin ya daskare a faranti, wurin ya fita daga aiki, ba ya karɓa ba ya bayarwa. Batir ɗina mai am 200 ya koma kamar mai am 40 a cikin babban akwati.

Wannan fasahar fa tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859, shekara 44 kafin Turawa su ci Kano. Halin batirin bai canza ba tun lokacin, mu ne muka zo masa da firiza.

Baba ya sa ni lissafi a bayan kwalin sigari. Bolt 12 sau am 200, wat 2,400 ke nan na awa guda. Ya ja layi a tsakiya ya ce rabi naka ne, rabi iri ne, manomin da ya cinye iri ya san abin da ke jiransa. Saura 1,200. Kayan da nake kunnawa da dare in an haɗa sun kai wat 200, ban da abin da ita inbata ke ci don kanta ko ba a jona komai ba. Awa shida ke nan, ko ƙasa da haka. Ni kuwa daga magariba nake ja har sai ta yi kuka. Wannan ɓangaren fita ne. Ɓangaren shiga ya fi muni. Farantina biyu, da irin kwantirolar da nake da ita, ba sa wuce am 16 ko da rana tana tsaka kuma an goge su tas. In aka dunƙule hasken yini guda bai fi awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana ba, wato am 80 zuwa 96. Daga ciki wayoyin rana sun kwashe nasu, firiza ta kwashe nata. Abin da ke isa batir bai kai rabin abin da na zara da dare ba, alhali shi batir sai an mayar masa da fiye da abin da aka cira, kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari a kai, kafin ya koma daidai. Kullum ina cin bashin mudu biyu ina biyan ɗaya. Tun watan farko batirin nan bai sake ganin cikakken caji ba, ga hazon hunturu da ya lulluɓe farantan ban taɓa hawa na goge ba.

A ranar na sayi mita ta hannu, 'yar rawaya, kuɗinta bai kai na cajin yini biyu ba. Da na saye ta tun farko da tunkiyar uwargida ba ta tafi a banza ba.

Sai dai mita ma sai ka san lokacin tambayarta, in ba haka ba ta yaudare ka kamar yadda 12.5 ɗin nan ta yaudare ni. Batir fuska uku gare shi. Akwai lambar da yake nunawa ana caji, akwai wadda yake nunawa ana jan wuta, akwai ta lokacin da ya huta. Ta hutun ce ke faɗin abin da ke cikinsa, wato bayan an kashe komai, ba shiga ba fita, na wasu awoyi. A nan 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. In ka ga 12.4 kwata ya fita. 12.2 rabi ke nan, iyakar taka. 12.0 ka ci iri, saura kwata. Daga 11.9 zuwa ƙasa babu komai a rumbu. Dubi tazarar da kyau: tsakanin cikakke da fanko ko bolt ɗaya babu. Shi ya sa mutum zai ga 12.0 ya ce ai sha biyu aka rubuta a jikinsa, lafiya lau, bai san batirin yana gab da faɗuwa ba. Da rana ta faɗi kuwa in ka auna nan take za ka iya ganin 13 ko sama, wannan kumfa ce irin ta sabon tatson nono, ba ta jimawa take kwantawa. Ko ka jira, ko ka kunna ƙwai na 'yan mintuna ka kashe sannan ka auna.

Yawancin ƙananan inbatocin da muke saye sai wuta ta sauka wajen 10.5 suke yankewa, kukan kuma ɗan sama da haka yake farawa. Wannan lambar ita ce ƙarshen ƙarshe da masu ƙera batir ke aunawa da ita, bolt 1.75 a kowane gida. Kai shi can sau ɗaya bisa larura ba zai kashe shi ba in an cika shi washegari. Ni kuwa kowane dare nake kai shi, har in tashe shi in ƙara. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura ba. Kwantirola tana da nata tsarin yankewa in wuta ta yi ƙasa, amma abin da aka jona a bakinta na fitar da wuta kaɗai take iya yankewa. Inbata kai tsaye take haɗe da kan batir, kwantirola ba ta da iko da ita. In taka inbatar tana da wurin saiti, ɗaga lambar yankewar zuwa wajen 11.8. Tawa ba ta da shi, don haka ni ne mai gadi.

Sabon batir sai da kaka ta sake zagayowa na iya saya, tsakani na koma wa janareta ina cizon yatsa. Wannan karon na tafi da mitata a aljihu. Batir ko ba a taɓa shi ba yana zubar da cajinsa a hankali, a zafi kuma ya fi sauri, saboda haka wanda ya yi wata da watanni a sito ba a yi masa caji ba sunansa sabo ne kawai. Na auna uku kafin na ɗauki mai 12.6, na duba ranar ƙira, na kuma sa aka ɗora shi a sikeli. Batir mai am 200 na gaske yana kaiwa wajen kilo 60, domin dalma ce ke riƙe wuta kuma dalma nauyi gare ta. In ka ɗaga mai am 200 da hannu ɗaya kana murmushi, takardar jikinsa ka saya. Na ƙaro faranti biyu, suka zama huɗu, don abin da ke shiga ya kai aƙalla am 20 bayan wayoyi sun ci nasu, wato kashi ɗaya cikin goma na girman batirin. Firiza kuwa na mayar wa surukina da godiya.

Yanzu sau biyu nake aunawa a yini, ina rubutawa a bayan littafin bashi. Na farko in na dawo daga sallar asuba, kafin rana ta taɓa faranti. Tunda sha ɗaya da rabi nake kashe komai har da inbata, batirin ya huta, lambar gaskiya ce. In na ga 12.3 ko 12.4, madalla. In na ga 12.1, daren ranar ba kallo sai labarai. Na biyu tsakanin azahar da la'asar. A nan so nake in ga ya hau 14.4 ya tsaya a can kamar awa biyu zuwa uku, sannan kwantirola ta sauke shi wajen 13.6. Tsayuwar nan a sama ita ce wankin shebur ɗin. In yini ya wuce bai taɓa 14 ba, ko da sandunan kwantirola sun cika, ban ɗauka ya ƙoshi ba. Ranar Juma'a daga sha biyu nake daina karɓar waya har bayan an sauko, duk wutar ta tafi ga batir. Masu kawo caji sun yi gunaguni mako biyu suka saba.

Lokuta biyu ne masu wuya a shekara. Hunturu, saboda ƙura, duk kwana biyu sai ƙanina ya hau da tsumma da ruwa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Sai marka a watan Agusta, in aka yi kwana uku rana ba ta leƙo ba. A irin wannan ba na jin kunyar tayar da janareta awa biyu in jona caja. Lita ɗaya ko biyu ta fi batir araha.

Maganar ruwa ita ce inda na fi ganin ɓarna a gidajen mutane, kuma sunan ne ke rikita su. Asid ruwan batir muke ce masa, tataccen ruwan da ake ƙarawa shi ma ruwan batir. Mutum ya ga ruwa ya ja baya sai ya aika yaro ya sayo "ruwan batir," a kawo masa asid ya zuba. Abin da ke fita daga batir in ana caji ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba, in ka ƙara wani sai ya yi kauri ya cinye faranti. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Na rijiya da na burtsatse da fiya wata duk suna ɗauke da gishiri da ƙarfen ƙasa, ko da idonka ya gan su garau. Duk wata nake dubawa, a bazara duk mako biyu, kada saman faranti ya taɓa leƙowa ya sha iska, domin inda ya bushe ya tafi ke nan. Kuma da tocila ake leƙawa. Batir in yana caji yana fitar da iskar haidirojin, ƙyastu ɗaya ya ishe ta. Tabon da ke gefen wuyan Baba ashana ce ta yi masa tun yana yaron mota. Wanda batirinsa rufaffe ne, wanda muke kira dirai sel, shi babu ruwansa da ƙarin ruwa, kada ma ya ɓalle murfin, amma lambobin nan duk sun shafe shi, nasa ma cikarsa kan ɗan ɗara, wajen 12.8.

Ba kowace ƙarancin wuta ce laifin batir ba. Kwanaki ladan ya aiko a kira ni, lasifikar masallaci tana yankewa a tsakiyar kiran asuba, har an fara maganar karo-karon sayen sabon batir. Na auna a kan batirin kansa ana kiran, 12.3. Na auna a bakin inbata, 11.4. Kusan bolt guda ya ɓace a hanya. Kebul ɗin siriri ne irin na jona ƙwai, tsawonsa ya fi taku biyar, in ka taɓa shi ɗumi, kan batirin kuma ya yi furfura fari da kore kamar an barbaɗa gari. A bolt 12 wuta mai yawa ke bi ta kebul, kayan wat 500 sun fi am 40, siririyar waya ba za ta ɗauka ba. Muka kwance, baƙin kai tukuna, na cire azurfar hannuna kafin in kama sifana. Muka jiƙa kanwa a ruwan zafi muka wanke kawunan da tsohon buroshi, tana taɓa furfurar tana tafasa, muna kaffa-kaffa kada ta gangara cikin gidajen. Muka shanya, muka ɗaure tam, muka shafa basilin, muka sa gajeren kebul mai kauri. Kuɗin karo-karon tabarmi aka saya da su.

Mai kemis ɗinmu kuma batir biyu gare shi a jere, bolt 24. Inbatarsa tana nuna 23.3 da safe, ya ɗauka duka biyun sun gaji. Da muka auna ɗaya-ɗaya, na farko 12.7, na biyu 10.6. In batir ya huta ya tsaya a wajen 10.5, ya ƙi wucewa komai cajin da aka yi masa, gida ɗaya ne daga cikin shidan ya mutu, bolt 2.1 ɗinsa ne ya fita daga lissafi. Gilashin Baba zai nuna maka wane gida ne, ruwansa ya sha bamban da na sauran. Abin haushin, lafiyayyen shi ke shan wahala, domin cajar jimla take gani, sai ta yi ta dafa mai lafiyar tana neman cike giɓin. Na ce masa kada ya haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Bai ji ba, kuɗi ne ba su kai ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Zafi ba ni da yadda zan yi da shi sosai. Shekarun da ake rubuta wa batir a kan ma'aunin zafi 25 aka lissafa su, kuma ƙa'idar da masu abin suka sani ita ce duk ƙarin digiri goma yana raba kwanansa biyu. Mu nan a Afrilu ana wuce 40 a inuwa, shagon kwano kuwa tanda ne. Na fitar da nawa daga shago na kai shi zauren ƙasa mai rufin azara da ke jingine da shi, na huda taga ƙarama sama don iska, na ɗora shi a kan katako. Wasu na cewa siminti na tsotse caji. Batiran yanzu masu akwatin roba ba ya tsotse su, ni don damshin damina da tsabta na ɗora.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu injin feshi na caji. Cikinsa ɗan batir ne rufaffe, bolt 12, am 8 ko kusa da haka, jinsinsu ɗaya da nawa. Manomi zai gama feshin wake a Satumba ko Oktoba, injin ya riga ya yi sanyi, ya rataye shi a rumbu. Sai ruwan farko ya sauka a Yuni ya sauko da shi ya kawo mini caji. In auna in ga bolt 6, wani 4. Wata takwas siminti na bushewa a shebur. Bana mutum tara suka kawo mini irin wannan, biyu kaɗai suka tashi. Fankar caji da ake ajiyewa duk hunturu ita ma haka, babur ɗin da mai shi ya tafi cirani ya bari a zaure shi ma haka. A cika shi kafin a ajiye, a kuma riƙa tuna shi da caji duk wata. Yanzu na ce duk mai injin feshi ya kawo ranar ɗaya ga wata in yi masa kyauta, don na gaji da ganin fuskokinsu a watan Yuni.

Tsohon batirina ya daɗe a bayan ƙofa. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya, suna biya da tsoka saboda dalmar. Na hana su ne tun ranar da na ga wani ya fasa na makwabcina da gatari a bakin kwata, ya tuttular da ruwan inda awaki ke sha, yara suna wasa da ɓaraguzan farantan. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai so ƙurarta a tsakar gidansa ba. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalma dalma ce. A ƙarshe na mayar da shi Kano a rufe, dilan ya karɓa ya rage mini kuɗin sabon.

Ana ta yi mini tallan batirin litiyam, wai shi ana iya jan sa kusan ƙarshe bai damu ba. Na tambayi kuɗinsa na yi shiru. Wataƙila in zoɓo ya yi daraja baɗi.

Yau da asuba mita ta nuna 12.2, jiya hadari ya wuni bai zubar ba. Akwai wasa ƙarfe takwas na dare, yaran har sun fara leƙowa suna tambaya tun hantsi. Na ce musu a jira la'asar tukuna, in ya taɓa 14.4 su je su ɗauko benci.